Idan Budurwa Ta Shiga Duniya, Yaya Ake Ba da Labarinta?

A cikin littafin Our Sister Killjoy na marubuciyar Ghana Ama Ata Aidoo, wanda kamfanin Longman ya buga a 1977, akwai wurin da mai karatu zai buɗe shafi ya tarar da kalma ɗaya tak a kan farar takarda, ya juya ya sake tarar da ɗaya, ya kuma juyawa ya tarar da ta uku. Wanda bai saba ba zai zaci injin ɗab'i ne ya yi tuntuɓe. Abin da ya kawo haka shi ne, tauraruwar labarin, wata ɗaliba mai suna Sissie, ta sauka a Jamus ke nan, tana cikin kallon kantunan birnin Frankfurt sai ta ji wata mata tana nuna wa 'yarta ita, tana cewa ga baƙar yarinya. Ranar ce Sissie ta fara ganin launin fatar mutane a matsayin abin da ke raba su. Daga nan zuben ya soma tsinkewa, jimloli suka gajarce suka koma ɗango-ɗango kamar waƙa, maganar ta tashi daga kan Sissie ta koma kan yadda ake mai da bambancin fata hujjar ƙwace ƙasa da ma'adinai, har ta kai ga ikon yanke wa zai rayu wa zai mutu. Kalmomin nan uku da aka ware wa shafi guda-guda su ne ƙarshen jimlar: a ina, yaushe, ta yaya. Kafin hannu ya gama juya takardun, mai karatu ya riga ya tsaya cik sau uku, kamar yadda yarinyar ta tsaya.

Irin wannan rubutu ne manazarta suke kira labarin gwaji, wato ƙagaggen labarin da marubucinsa ya ƙi bin zubi da tsarin da aka gada. Zube yakan cakuɗe da waƙa, wasiƙa ta faɗo a tsakiyar babi, mai ba da labari ya sauya ba sallama, abin da ya faru jiya ya zo bayan na gobe. Abin lura shi ne, tsakanin shekarun 1970 da 1990 mata da dama, waɗanda ba ƙasarsu ɗaya ba, ba kuma al'adarsu ɗaya ba, sun rubuta labarin budurwar da ta bar gida ta nausa duniya tana neman sanin ko ita wace ce, kuma mafi ƙarfi daga cikin labaran nan a kakkarye suka zo. A ganina wannan karyewa dole ce ta kawo ta, domin tsarin labarin tafiya da suka tarar an yanka shi ne a jikin namiji, kuma duk yadda aka ja shi bai rufe mace ba.

Tsarin tsoho ne ƙwarai. A Sifaniya an buga Lazarillo de Tormes a 1554, labarin yaron da ke tashi daga hannun wannan ubangida zuwa na wancan, tun daga wani makaho, yana koyon wayon zaman duniya da yunwa da duka. A Jamus Goethe ya fitar da labarin Wilhelm Meister a 1795 zuwa 1796, wanda ya zama abin misali ga duk labarin saurayin da ya fita ya yi kurakurai ya dawo ya sami matsayinsa a cikin jama'a. Mu ma muna da namu, domin a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da ya fito a 1934, Alhaji Imam ya bar gida da nufi guda, ya sha gwagwarmaya da Malam Zurƙe gari-gari, ya dawo da ruwan da ya je nema, aka warkar da ɗan sarki, aka wanke wanda aka ƙaryata. Hanyar takan yi ta kwana-kwana, amma labarin miƙaƙƙe ne, kuma abin da ya miƙar da shi shi ne an san inda zai tsaya. Gida yana jiran matafiyin, duk abin da ya aikata a hanya kuma za a ƙirga masa shi a cikin ilimi. Ai tafiya mabuɗin ilimi ce.

To, a sa mace a wannan gurbi a gani. Harshen kansa yana nuna matsalar: idan aka ce wane ya tafi yawon duniya, nema ya tafi, ana sa ran ya dawo da abin hannu ko da labari, amma idan aka ce wance ta shiga duniya, an gama magana, kowa ya san abin da ake nufi, ba kuma mai jiran ta dawo da ilimi. Saboda haka tsohon labari ba ya barin mace ta kama hanya sai da uzuri mai ƙarfi. Mahaifiyar Shaihu Umar, a littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta ƙetare hamada ne domin neman ɗanta, ta faɗa hannun masu bautarwa, ta kuma rasu jim kaɗan bayan ta gan shi. A Ingila Daniel Defoe ya saki Moll Flanders a 1722 ta yi sata, ta yi aure-aure, aka kore ta zuwa Amurka, amma bai ajiye alƙalami ba sai da ya sa ta tuba. Ƙofofin da aka bar wa matafiyiya ba su wuce aure ko tuba ko kabari ba. Marubuciyar da take son yarinyarta ta fita, ta ga abin da za ta gani, ta yi kuskuren da za ta yi, ta kuma tsaya a raye ba tare da an ɗaura mata aure ko an durƙusar da ita a shafin ƙarshe ba, ba ta da tsarin da za ta ara. Idan ƙarshen ya canza, hanyar kaiwa gare shi ma sai ta canza.

Aidoo ta raba littafinta kashi huɗu, kuma tun daga sunansa ta gargaɗi mai karatu, domin ta kira Sissie mai rage wa taro armashi, ta kuma ce tunanin da ke ciki na harara-garke ne, mai kallon abu a karkace. Tafiyar kanta ba ta da yawan kasada. An ba Sissie gurbi a wani shirin matasa na ƙasa da ƙasa, aka yi mata liyafa a gidan jakada a Accra inda ta haɗu da wani ɗan ƙasarsu mai suna Sammy da ke ta washe baki yana zuzuta Turai kamar aljanna, aka sauke ta a wata tsohuwar fadar sarauta da aka mai da masaukin matasa a yankin Bavaria, suna aikin dashen itatuwa. Masu nazari da yawa sun karanta wannan a matsayin juya tafiyar Heart of Darkness na Joseph Conrad, inda Bature ya shiga Kwango ya ga duhu. A nan baƙar yarinya ce ta shiga tsakiyar Turai tana duba mutanenta kamar yadda aka saba duba nata.

Dabarar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce yadda aka raba aiki tsakanin zube da waƙa. Zuben yana biye da Sissie a lokacin da abin yake faruwa, yarinya mai ƙuruciya da son dariya, wadda ba ta gama fahimtar abin da take gani ba. Waƙar kuwa murya ce da ta girme ta, wadda ta san tarihin mulkin mallaka da na sansanonin Hitler da na shugabannin Afirka da suka ci amanar 'yanci, kuma tana yawan tunatar da mu cewa wannan sani daga baya aka same shi. Ashe Sissie biyu ce a shafi ɗaya, mai tafiya da mai waiwaye. A miƙaƙƙen labari dole a jira babin ƙarshe kafin a ce ga darasin da tauraro ya koya. Aidoo ta ɗora darasin a kan abin da ya haife shi nan take, ta bar tazarar da ke tsakaninsu a fili, domin a wannan tazara ce ake gane kai. Ba kuma daga Turai ta aro dabarar ba. A tatsuniyoyin gizo na ƙabilar Akan ta Ghana masu sauraro sukan katse mai ba da labari da waƙa, abin da marubuciyar Ghana Efua Sutherland ta gina wasan kwaikwayonta a kai, Aidoo kuma ta yi aiki tare da ita tun tana matashiya. Duk wanda ya taɓa zama gaban kaka ya ji tatsuniya ta tsaya an rera waƙa sannan aka ci gaba, ya san abin da ake kira sabon salo a nan ya girmi injin ɗab'i.

Kashi na biyu, wanda shi ne zuciyar littafin, ya tsaya a kan ƙawancen Sissie da wata matar aure Bajamushiya mai suna Marija, wadda tambayarta ta farko ita ce ko Sissie 'yar Indiya ce. Mijin Marija kullum yana masana'anta yana aikin ƙarin lokaci domin biyan bashin gida, sunansa Adolf, sunan ɗansu ma Adolf, kuma Aidoo ba ta bar wannan suna, wanda shi ne sunan Hitler, ya wuce salin-alin ba. A lambun gidan akwai bishiyar plum, wani ɗan itace mai baƙin ja da santsin fata, wanda a ido ya yi kama da ɗinya amma ya fi ta girma da ruwa. Marija takan tsinko su da hannunta, ta adana su har su yi laushi, ta ba Sissie kullum idan ta zo. Sissie tana sha tana jin daɗi, sai daga baya ta lura launinsu kusan launin fatarta ne, kuma daɗin da take ji ba na ɗan itacen kaɗai ba ne, har da na zama abin marmari a wurin wani. Da kaɗaici ya kai Marija ga nuna mata ƙaunar da ta wuce ta ƙawance, Sissie ta ture ta, sannan ta ga hawayen matar. Abin da ya biyo baya shi ne ya hana littafin zama zargin Turawa kawai: ranar da Sissie ta gaya wa Marija cewa gobe za ta tafi, alhali matar ta shirya dafa mata abinci na musamman, sai ta ji wani daɗi na cutar da wanda ke son ta, daɗin da ta gane irin na maza ne. Yarinyar da aka nuna da yatsa a Frankfurt ta tarar ita ma tana iya zalunci idan iko ya faɗo hannunta. Wannan na cikin abin da ta gano game da kanta, kuma ba abin alfahari ba ne.

A Landan labarin ya kusa tsayawa, gardama ta karɓe shi. Sissie ta tarar da baƙaƙe cikin sanyi da tufafin da ba su isa ba, ɗaliban da suka zo karatun shekara uku suka shekara goma, masu rubuta wa gida cewa komai lafiya. A nan ne wani ɗan Nijeriya mai suna Kunle, a daidai lokacin da ƙasarsa take cikin yaƙin basasa, ya duƙufa yana yabon likitan Afirka ta Kudu da ya yi dashen zuciya. Abin ya faru da gaske: Christiaan Barnard ya yi dashen farko a asibitin Groote Schuur na Cape Town ranar 3 ga Disamba 1967, a watan Janairun 1968 kuma ya ɗauki zuciyar Clive Haupt, saurayin da dokar wariyar launin fata ta sa a rukunin ruwa-biyu, ya dasa wa wani farar fata likitan haƙori mai suna Philip Blaiberg. Kunle yana ganin wannan zai kawo ƙarshen wariya. Sissie kuwa tambayarta ita ce a jikin su wa aka yi ta gwaji kafin hannu ya faɗa. Gaskiya a wannan kashi waƙar takan zarce ta koma huɗuba, mai karatu ya ji ana yi masa faɗa a kan laifin da ya riga ya amsa, kuma nan ne littafin ya fi rauni a matsayin labari.

Kashi na ƙarshe doguwar wasiƙa ce, kusan duka zube, da Sissie take rubuta wa saurayinta tana cikin jirgin komawa gida. Ya gaji da gardamarta, shi ma yana cikin masu ilimin da suka ƙi komawa, ita kuma tana ƙoƙarin bayyana masa dalilin da ya sa ba za ta iya zama mace mai shiru da aka koya musu a makarantar mishan ba, tana kuma kukan cewa ko soyayyar ma da harshen aro suke yin ta. Da aka ce an hango gaɓar Afirka, sai ta yanke shawarar ba za ta aika wasiƙar ba. Labarin ya ƙare tana zaune a kujerar jirgi, ba miji, ba tuba, tana raye. Wasiƙar da aka fara domin shawo kan namiji ta ƙare a matsayin zancen da ta yi da kanta.

Idan tafiyar Sissie ta ido da kwanya ce, ta Ken Bugul ta jiki ce, kuma ita ce ta cancanci a kira ta yawon da ba linzami. Sunan marubuciyar na gaskiya Mariètou Mbaye, an haife ta a 1947 a yankin Ndoucoumane na Senegal, mahaifinta malami ne da ya haura shekara 80 lokacin haihuwarta. Da ta kai littafinta Le Baobab fou, wato Mahaukaciyar Kuka, ga kamfanin Nouvelles Éditions Africaines, wanda ya buga shi a 1982, masu ɗab'in suka ji tsoron abin da zai biyo baya idan Musulma ta sa sunanta a kan irin wannan labari, suka nemi ta ɓoye. Sai ta zaɓi Ken Bugul, wanda da harshen Wolof yake nufin ba mai so. Suna ne da ake raɗa wa jaririn da 'yan'uwansa suka yi ta mutuwa, don mutuwa ma ta ƙyale shi, daidai da yadda Bahaushiya mai wabi take kiran ɗanta Ajuji ko Ayashe. Ken Bugul ɗin nan shi ne sunan tauraruwar labarin kuma.

Abin da ke cikin littafin ba mai daɗin ji ba ne. Ken ta sami tallafin karatu zuwa Beljiyam tana ganin ta kama hanyar ƙasar alkawari, ƙasar kakannin da makarantar Faransa ta koya mata cewa nata ne. A Brussels ta shiga kanti sayen gashin kanti, aka nuna mata cewa ba don irin fuskarta aka yi shi ba, ta dubi madubi ta kasa gane kanta. Ta yi ciki da wani ɗalibi Bature, aka zubar, ta bar karatu, ta zauna da wani mai zane, ta faɗa shaye-shaye da gidajen rawa, masu kuɗi da masu fasaha suna yawo da ita kamar kayan ado domin baƙar mace tana tashe a lokacin, har ta kai ga karɓar kuɗi a hannun maza, ta kuma kai bakin halaka kanta. Da a miƙe aka ba da wannan, daga ƙauye zuwa makaranta zuwa Turai zuwa lalacewa, da ya zama labarin gargaɗi irin wanda kowa ya sani: ga abin da ke samun yarinyar da ta bar gaban iyayenta.

Ken Bugul ta hana shi zama haka ta hanyar karya lokaci. Littafin ya buɗe ne tun kafin a haifi Ken, da muryar tatsuniya, a kan yadda ƙwallon kuka ya faɗi ƙasa daga hannun yara ya tsiro, gobara ta ci ƙauyen, kukar ta tsira, wasu baƙi suka zo suka kafa gida a gindinta. A ƙarƙashin wannan kuka wata yarinya 'yar shekara biyu, da aka bari tana wasa a cikin rairayi ba mai kula da ita, ta tsinci ƙwayar dutsen ado ta tura a kunnenta, ta ƙwalla ƙara. Daga nan sai murya ta koma ta Ken da kanta, tana shiga jirgi. Ƙarar nan ba ta daina dawowa ba har ƙarshen littafin, haka ma wani hoto na biyu: tashar jirgin ƙasa, Ken tana da shekara biyar, mahaifiyarta ta shiga jirgi ta tafi ta bar ta. Duk lokacin da wani abu ya same ta a Brussels, a ɗakin likita ko a gidan wani attajiri, sai zaren ya tsinke a koma tashar. Labarin makarantarta da yadda aka yi ta tura ta gidajen dangi bai zo cikakke ba sai can bayan an ga faɗuwarta a Turai. Mai karatu yana fara ganin ciwon, sannan a nuna masa inda aka ji shi, kuma inda aka ji shi gida ne. Wannan tsari ya ƙwace wa mai wa'azi hujjarsa, domin ba zai iya cewa Turai ce kaɗai ta ɓata ta ba, ba zai kuma iya cewa da ta zauna a gida da ta tsira ba. Da ta koma ƙauye a ƙarshe ta nufi kukar, sai ta tarar tana tsaye amma ta daɗe da mutuwa.

Can a Amurka Kathy Acker, wadda aka haifa a New York a 1947 ta rasu a Tijuana ta ƙasar Meziko a 1997, ta kai abin maƙura. A Blood and Guts in High School, da ya fito a 1984, yarinyar da aka zalunta tun tana ƙarama ta tashi daga Merida ta Meziko zuwa New York, zuwa Tanja ta Maroko inda ta haɗu da marubucin Faransa Jean Genet, zuwa Masar inda ta mutu, kuma an ba da labarin da gutsattsarin wasan kwaikwayo, da zane-zane, da taswirar mafarki, da darasin harshen Farisa da aka rubuta da hannu. Littafi ne mai batsa da tashin hankali ƙwarai, har hukumomin Jamus ta Yamma suka sa shi cikin jerin masu cutar da matasa a 1986. A shekarar ce ta fitar da Don Quixote nata, inda ta mai da jarumin tsohon littafin Don Quixote na marubucin Sifaniya Cervantes mace, ta kuma faɗi hujjarta ƙarara: wadda aka haifa a duniyar maza ba ta da maganar kanta, sai dai ta karanta rubutun maza. Don haka Acker takan yanko shafukan wasu ta liƙa a nata da gangan, dabarar da ta gada daga marubucin Amurka William Burroughs, abin da ya jawo mata rigima da marubuci Harold Robbins a 1989 har aka matsa mata ta ba da haƙuri a fili. Hujjar tana da ƙarfi, amma ni ban gamsu da inda ta kai ta ba. Idan duk magana ta maza ce, yarinyar ba ta da abin da za ta gano sai cewa babu ita, shi ya sa bayan duk wannan fashe-fashen tsari labarin Blood and Guts ya koma ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin nan, wato kabari.

Nan ne ya kamata a saurari masu suka, domin suna da gaskiyarsu. Karya tsari ya fi gina shi sauƙi, kuma marubuci malalaci yana iya watsa jimloli a shafi ya ce gwaji yake yi. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne a tambayi kowace karaya dalilinta: idan aka ɗinke ta aka mai da ita miƙaƙƙen zube, me za a rasa? A shafukan nan uku na Aidoo za a rasa tsayawar numfashi. A littafin Ken Bugul za a rasa hujjar littafin gaba ɗaya. A shafuka da yawa na Acker, da na masu kwaikwayonta da suka biyo baya, ba abin da za a rasa sai hayaniya. Akwai kuma suka ta biyu da ta fi wannan ciwo, wato irin waɗannan littattafai sun fi samun masu karatu a azuzuwan jami'a fiye da a hannun 'yan matan da ake magana a kansu, ga tsari mai wuya ga harshen aro. Sissie da kanta ta yi wannan kuka a wasiƙarta, cikin Ingilishi, ba ta kuma sami mafita ba.

Saura batun gano kai, kalmar da masu tallar littafi suke son liƙawa a bango. Tana sa a zaci akwai wata cikakkiyar kai da aka ɓoye a wani gari, kamar ruwan Bagaja, matafiyiya ta je ta ɗebo. Babu ɗaya daga cikin 'yan matan nan da ta dawo da irin wannan a gora. Abin da suka samo shi ne sanin sunayen da aka yi ta laƙaba musu da waɗanda suka laƙaba: baƙar yarinya a bakin matar Frankfurt, Mary a bakin 'yan mishan da suka yi wa Sissie baftisma, jikar Faransawa a littafin makaranta, abin marmari a liyafar Brussels, ba mai so a gidan uba. Tafiyar tana ɓare waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kuma tunda kowane suna da muryarsa da salon maganarsa ya zo, ba abin mamaki ba ne shafin ya cika da muryoyi da ba su jitu ba.

Rayuwar Mariètou Mbaye bayan littafin ta ƙara dagula lissafin masu son ƙarshe mai tsabta. Ta koma Senegal a 1980 ba ta da komai, danginta suna ganin ta a matsayin wadda ta je Turai ta dawo hannu rabbana, ta yi zaman gararamba a titunan Dakar, sannan ta shiga gidan wani dattijon shehin ɗarika ta zama mace ta 28 da ya aura. A 1999 ta fitar da Riwan ou le chemin de sable, wanda ya ci babbar kyautar adabin Afirka baƙar fata ta masu rubutu da Faransanci, inda mai ba da labarin take cewa a wannan gida, cikin waɗannan mata, ta sami natsuwar da Turai ba ta ba ta ba. Wasu masu fafutukar 'yancin mata sun ji haushi, wasu masu wa'azi kuma suka yi murna cewa ga ta ta dawo hanya, wato aure da tuba a ƙofa ɗaya. Sai dai littafin bai ba kowane ɓangare abin da yake so ba, domin shi ma ba a miƙe yake ba. An saƙa labarin mai ba da labarin ne da na wasu mata, ana maimaita tambayoyi da amshi kamar a dandali, kuma a cikinsu akwai Rama, ƙaramar yarinyar da mahaifinta ya kai wa shehin ba tare da an tambaye ta ba. Gidan da ya zama mafaka ga wadda ta zaga duniya ta shigo da ƙafarta, ita Rama da ba ta taɓa zuwa ko'ina ba kurkuku ya zame mata, kuma ƙarshenta bai yi kyau ba.